Yaron da Bai Yi Kuka da Wuri Ba: Kada a Zauna Jiran Bakinsa

Wata baiwar Allah, Bahaushiya mazauniyar Umbadda a Umdurman, ta aiko da tambaya a kan ɗanta na fari, wanda ya kusa cika shekara biyu. Ta sha doguwar naƙuda. Da ya faɗo bai yi kuka ba sai da aka yi ta fama da shi, aka sa masa oksijin, washegari ya kama jijjiga, aka kwantar da shi a ɗakin jarirai. Yanzu yana bin bango amma bai saki ba, kuma ban da "mama" babu abin da yake cewa. Surukarta ta ce ubansa ma haka ya yi nauyin baki. Maƙwabta sun ce Hausa da Larabci ne suka haɗu suka rikita shi. Tana tambaya: ta jira, ko ta tashi tsaye?

'Yar'uwa, ki tashi tsaye. Maganar surukarki ba ƙarya ba ce, akwai yara masu nauyin baki da ke warwarewa da kansu, kuma abin yakan bi jini. Amma wannan haƙurin ana yin sa ne da yaron da ya zo duniya lafiya. Wanda ya rasa iska wajen haihuwa har ya yi jijjiga, lissafinsa daban ne. A shekaru ukun farko ƙwaƙwalwa ta fi saurin gina sababbin hanyoyi, kuma a nan ne sashen da ya tsira yake iya ɗaukar wani abu daga aikin sashen da ya taɓu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kin tashi aka duba aka ce lafiya lau, asararki kuɗin raksha. In kin zauna alhali akwai matsala, shekara guda ta yaron ce ta tafi, ita kuwa ba a sayo ta a kasuwa.

Jariri a ciki ta mabiyiya da cibiya yake samun iskar da yake rayuwa da ita. Idan naƙuda ta yi tsawo, ko mabiyiya ta rabu kafin lokaci, ko cibiya ta matse, ko jinin uwa ya hau har ta yi jijjiga, jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwarsa iska sai ya ragu. Sai dai kada kowace uwa da ɗanta ya yi jinkirin kuka ta ɗora hannu a ka. Kusan ɗaya cikin kowane jarirai 10 yana bukatar ɗan taimako kafin ya fara numfashi, kuma yawancinsu da an goge jikinsu an murza musu baya shi ke nan. Abin da ke nuna ƙwaƙwalwa ta taɓu shi ne halin jariri a kwanaki ukun farko: ya kasa kama nono, jikinsa ya saki, ya yi ta barcin da ba a iya tashinsa, ko ya yi jijjiga.

Ki nemo takardar sallamarku daga asibiti. Za ki iya ganin lambobi biyu, misali 3 da 6. Makin Apgar ke nan, ma'aunin da wata likita Ba'amurkiya, Virginia Apgar, ta fito da shi a 1952, ana ba jariri maki daga 0 zuwa 10 a minti na farko da na biyar. Shi kaɗai ba ya faɗin makomar yaro. Wanda ya fi shi amfani shi ne matakin Sarnat, wanda ake aiki da shi tun 1976: na ɗaya mai sauƙi, na biyu matsakaici, na uku mai tsanani. Yaran mataki na ɗaya galibinsu suna tashi lafiya, ko da yake wasu sai sun shiga makaranta ake lura magana ko karatu na ba su wahala. Na uku su suka fi fuskantar sandarewar gaɓoɓi da farfaɗiya da matsalar gani. Na biyu ne ba a iya yanke musu hukunci tun da wuri, kuma jaririn da ya yi jijjiga yawanci daga nan yake farawa. Ki ɗauki hoton takardar da waya, ki tura wa wani ɗan'uwa a Gadarif ko Kasala ko Mai Wurno ya ajiye. Mutanen Hartum ba sai an gaya musu yadda takarda ke salwanta ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023 asibitoci da dama sun rasa ɗakunan ajiyarsu gaba ɗaya.

Wata ƙila ki ji a waya cewa a Turai sanyaya irin waɗannan jarirai ake yi. Haka ne, ana saukar da ɗumin jikinsu zuwa digiri 33.5 na awa 72, a fara cikin awa 6 da haihuwa, a ɗakin da ke da na'urori da ma'aikata dare da rana. Amma wani babban gwaji mai suna HELIX da aka yi a Indiya da Sirilanka da Bangaladash, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2021, ya nuna a can bai rage jimillar masu mutuwa ko nakasa ba, mace-macen ma ƙaruwa suka yi. Don haka kada ki ci kanki da cewa an hana ɗanki wani magani, kuma kada kowa ya kuskura ya sa wa jariri ƙanƙara ko ruwan randa da sunan wannan.

Yanzu ga ma'aunin da za ki riƙe a gida. Yaro ɗan wata 2 yana murmushi in an yi masa. A wata 4 wuyansa ya tsaya. A wata 9 yana zama ba tallafi, yana gwaranci irin "bababa", yana waiwayowa in an kira sunansa. A shekara guda yana ɗaga hannu ya yi bankwana, ya gane "a'a". A wata 18 yana tafiya shi kaɗai, yana nuna abu da yatsa don ki gani, yana da 'yan kalmomi bayan mama da baba. A shekara 2 yana haɗa kalma biyu, "ba ruwa", "Baba zo". A wata 30 kalmominsa sun kai wajen 50. Ɗanki ya wuce wata 18 bai saki bango ba, bakinsa kuma kalma ɗaya. Waɗannan biyun sun isa dalilin ganin likitan yara a wannan watan, ba bayan Sallah ba.

Kafin ki je, ki lura da abin da yake ganewa, domin fahimta tana gaba da furuci. Ki ce masa "ɗauko takalminka" ba tare da kin nuna ko kin kalli wajen ba. In ya ɗauko, labari mai daɗi ne ƙwarai: kunne na ji, ƙwaƙwalwa na ajiye kalmomi, saura fitarwa. In sai kin nuna da hannu yake yi, ki gaya wa likita haka.

Abu na farko da za ki nace a yi masa shi ne awon ji. Ina nanata wannan saboda shi aka fi tsallakewa. Rashin iska kan taɓa jijiyar ji, sannan jariran da aka kwantar sau da yawa an yi musu allurar jentamaisin ko sun yi ciwon shawara mai tsanani, kowanne kuma na iya rage ji. Kada ki ce ai yana firgita in an buga ƙofa ko in jirgi ya wuce. Wanda ya sha ƙarar harsashi a Umdurman ya san wannan ba ma'auni ba ne. Yaro na iya jin ƙara ya kasa bambance "kaza" da "ƙasa". Akwai awon da ake sa ɗan abu a kunne na 'yan mintoci, ana ce masa OAE, akwai kuma wanda ake manna wayoyi a kai yaro na barci, ABR. Ga yaron da ya rasa iska na biyun ya fi, domin shi ke bin jijiyar har ciki. Ki tambaya a sashen kunne da hanci da maƙogwaro. In an samu raunin ji, na'urar kunne da aka sa a shekara biyu ta fi wadda aka sa a shekara biyar nesa ba kusa ba. A duba idonsa ma: wani yaron ƙwayar idonsa garau, amma sashen ƙwaƙwalwa da ke fassara abin da ido ya gani ne ya taɓu, sai ki ga yana kallon fitila yana kauce wa fuska. A auna kuma zagayen kansa da tef a rubuta a katin rigakafi. Ana haihuwar yaro da wajen santimita 35, a shekara guda ya kai wajen 46. Kan da ya tsaya bai girma yana ba likita labari mai yawa.

Batun harsuna biyu kuwa, ki bar maƙwabta da maganarsu. Hausawan Ingaz da Mayo da Umbadda sun yi zuriya bayan zuriya da Hausa a tsakar gida da Larabci a bakin titi, ba a ga sun zama bebaye ba. Harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana, ko ga yaro mai rauni. In za ki ƙirga kalmominsa, ki haɗa duka: in ya ce "moya" ya ce "kaza" ya ce "kadisa", uku ke nan. Kuskuren da nake jiye miki shi ne wani ya ce ki daina yi masa Hausa don kada ya ruɗe. Harshen da kike wasa da shi, kike lallashi da shi, kike mafarki da shi, shi za ki ba ɗanki, domin a nan bakinki ya fi yalwa. Larabci zai same shi a ƙofar gida.

Akwai wata magana da likitan da ba Bahaushe ba ba zai taɓa tambayarki ba. Ɗan fari ne. Haihuwar fari ce ta fi yin tsawo, saboda haka da yawa daga yaran nan 'ya'yan fari ne, su ne kuma al'ada ta ce uwa ta yi kunyarsu: ba ta kiran suna, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta kallonsa ido cikin ido in surukai na nan. Alkunya ado ce, ba na musu. Amma yaron da ke bukatar ya ji kalma sau ɗari kafin ya kama ta ba zai iya biyan kuɗin wannan adon ba. In sunan ne ba za ki iya faɗa ba, ki sa masa laƙabi ki riƙe shi, kowa a gidan ya kira shi da shi. In idon mutane ne, ki ja shi ɗaki. Ki kuma jawo kakarsa cikin aikin koya masa magana maimakon ki yi gardama da ita. Da tsohuwar zuma ake magani. Habboba, wato kaka, tana da lokacin da ke ba ki da shi, tana da wasannin tawai da waƙoƙin reno, ba ta kuma jin kunyar jika. Ki ce mata likita ya ce maganar kaka magani ce. Ba ki yi ƙarya ba.

Ga yadda aikin yake a kusa. Ki shimfiɗa tabarma ki zauna, fuskarki daidai da tasa. Goyo yana da daɗi, amma yaron da ya wuni a baya ƙeyarki kawai yake gani, magana kuwa da ido ake fara koyon ta, yana kallon yadda leɓe ke haɗuwa. Ki duba abin da hankalinsa ya tafi kai, ki bi shi can. In murfin tukunya ya ɗauka yana bugawa, kada ki karɓe ki ba shi abin da kike so. Ki ce, "Murfi! Ka buga murfi. Kwas, kwas." Sannan ki yi shiru, ki ƙirga biyar a zuci kina kallonsa. Wannan shirun shi ne rabin aikin, kuma shi ya fi wuya, domin mu iyaye mata ba mu iya barin gurbi ba. Duk abin da ya fito daga gare shi, ko "u" ne, ko kallo, ko ɗaga murfin, ki amsa kamar ya yi magana: "E, murfi ne." Sai ki sake ba shi fili.

Lokacin cin abinci, kada ki riga shi sanin bukatarsa. Ki ɗaga kofi da ayaba, ki ce, "Ruwa ko ayaba?" Ki jira. In ya miƙa hannu wajen kofin, ki ce "ruwa" ki ba shi nan take. Kada ki hana shi har sai ya furta, wannan horo ne, zai sa ya tsani magana. In ya ce "uwa" a madadin ruwa, kada ki ce ba haka ba ne, ki ce, "Ruwa, ga ruwa mai sanyi." Kullum ki ɗora kalma ɗaya a kan abin da ya kawo. Ya ce "mota", ki ce "mota ta tafi". Wanka, sa riga, tuƙa asida, shanya, duk darasi ne in kina faɗin abin da hannunki ke yi da gajerun jimloli. Ki bar yawan "mene ne wannan?", yaro ba ɗan jarrabawa ba ne. In bakin ya ƙi, ki koya masa alamu da hannu: ci, sha, ƙari, ya ƙare. Alama ba ta hana magana fitowa, hasali ma rage kuka da bori take yi.

Kada ki raina wannan don babu allura a ciki. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a tsakiyar shekarun 1980, an riƙa aika ma'aikatan lafiya gidajen talakawa masu yaran da suka tsumbure, sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata wasa da hira da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bi sawun yaran, aka tarar abin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa haka ba da kusan kashi 25 cikin 100. Ba yaran da suka rasa iska ba ne, amma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro da irin wannan abincin take ginuwa.

Wayar hannu ba ta cikin abincin. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda a rana. Katun ba ya jiran amsar yaro.

Baki da ke magana shi ne bakin da ke ci. In yana ƙwarewa in ya sha ruwa, ko muryarsa ta yi kamar da ruwa a maƙogwaro bayan ci, ko miyau na zuba har riga ta jiƙe, ko ciwon ƙirji na yawan dawo masa, ki faɗa wa likita, domin abinci na iya bin hanyar iska. Ki zaunar da shi a miƙe, kansa ya ɗan sunkuyo, ki ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, kunu mai kauri ya fi tsinkakke sauƙin haɗiya. Ɗura a kwance kuwa, a bar ta har abada. Ki sa masa ƙwai, adas, ful da aka dama, hanta in ta samu. Ƙarancin jini shi kaɗai yana dakushe yaro.

A jiki, ki duba ko yana tafiya a kan yatsu, ko ƙafafunsa na harɗewa in an ɗaga shi, ko hannu ɗaya kullum a dunƙule. Yaron da ya zaɓi hannu ɗaya tun bai shekara ba, kada a ce bahago ne ko badame, mai yiwuwa ɗayan hannun ne ke da rauni. Masu gashin ƙashi za su koya miki motsa gaɓoɓi da yadda za ki zaunar da shi. Ki ce su nuna miki da hannunki, ki yi a gabansu, domin ke za ki yi kullum.

In jijjiga ta dawo, ki kwantar da shi a gefe, kada ki sa cokali ko yatsa ko rubutu a bakinsa, in ta wuce minti 5 ku nufi asibiti. In yana kan maganin farfaɗiya irin su finobabiton, kada a yanke shi rana ɗaya, kuma ki riƙa sayen na gaba tun na hannu bai ƙare ba, kin dai san halin da kantunan magani suka shiga. Masu ƙananan jarirai su kula da wata iri mai ɓoyon kai: ɗan wata 3 zuwa 12 ya riƙa zabura yana dunƙulewa sau da yawa a jere, musamman da tashinsa daga barci. Ana ɗaukar ta ciwon ciki. Ba shi ba ne. A ɗauki bidiyo a kai wa likita a ranar.

Za a ce miki linzami ne, a kira wanzami. Linzamin harshe kan hana kama nono ko ya lanƙwasa wasu haruffa, amma ba ya hana yaro tara kalmomi. Za a ce a cire beli, ko a yi masa ƙona da ƙarfe a ƙeya. Yaron da ya riga ya sha wuya ba ya bukatar zubar jini da cutar tetanus ta tsatsa. Addu'a kuwa ki yi ta, ki kai wa malam in zuciyarki ta natsu da shi, amma da katin asibiti a jaka.

Ina za ki? Kafin yaƙi, asibitin yara na Ja'afar Ibn Auf a Hartum da asibitin jami'a na Soba su ne manyan wuraren da ake tura irin wannan. A Umdurman akwai asibitin yara na Muhammad al-Amin Hamid da na Buluk, akwai cibiyar Usratuna ta yara masu nakasa wadda ƙungiyar OVCI ta Italiya ta daɗe tana aiki da ita, a Hartum kuma akwai gidan Cheshire. Yaƙi ya rufe wasu, ya wawashe wasu, ya watsa ma'aikata zuwa Port Sudan da Masar da ƙasashen Larabawa, kuma tun da soja suka karɓe Hartum a Maris na 2025 abubuwa a hankali suke dawowa. Saboda haka ki fara da cibiyar lafiya ta unguwa ko asibitin yara mafi kusa, ki tambayi wanne ke aiki a yau kafin ki biya kuɗin mota. Ki tafi da jerin kalmominsa a rubuce, da bidiyon tafiyarsa da cin abincinsa, domin yaro a gaban likita kuka kawai zai yi. Maigidan ya raka ki. Abin da ya ji da kunnensa ya fi abin da za ki dawo ki faɗa masa, kuma shi zai iya fahimtar da mahaifiyarsa ba tare da an ce kin yi rashin kunya ba.

Saura ciki na gaba, in Allah ya kawo. Umdurman gari ne mai tarihin ungozoma: a nan Mabel Wolff ta buɗe makarantar horar da su a 1921, a nan kuma aka kafa asibitin haihuwa na Dayat a 1957. Ki je awo tun da wuri, ki gaya musu abin da ya faru a haihuwar fari, a riƙa auna jininki. Ki shirya haihuwa a inda ake iya tiyata, ki san hanyar da mai motar da za a kira da dare, ki ware kuɗinsa tun wata na bakwai. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba a gida ake ƙarasa ta ba. Duk wadda za ta karɓi haihuwar, a asibiti ne ko a gida, ki tambaye ta gaba-gaɗi ko tana da 'yar jakar hura wa jariri iska da abin rufe fuska, kuma ko an koya mata aiki da ita. Tsarin Helping Babies Breathe, wanda aka fara a 2010 kuma aka horar da ungozomomin ƙauye a Sudan a kansa, ƙa'idarsa ita ce jaririn da bai yi numfashi ba a fara hura masa iska kafin minti guda ya cika. In ta ce ba ta da ita, ki nemi wata.